Libar da Baba Ya Sa a Hagu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Baba ya riga mu tafiya. Ya rasu da hantsi a tsakiyar damina, a ɗakinsa a Wurno, bayan ya sha kunu ya ce a buɗe masa taga ya ga ko hadarin gabas zai zubo. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ni ce autarsa. Mu mata muna cikin gida, don haka abin da ya faru a waje ta kafar ƙofar zaure na gan shi, inda na yi ta leƙe har Goggo ta ce in ji kunya, ni da 'ya'yana. Direbobin tasha sun zo jere. Kowa ya gama gaisuwa ya shafa fatiha, sai ya zarce gindin dogon yaro inda tsohuwar a-kori-kurar Baba take tsaye, ya dafa ta. Wasu har durƙusawa suke yi suna leƙa ƙarƙashinta. Ban taɓa ganin zaman makokin da ake durƙusa wa mota ba sai namu.

A cikin gida kuwa matan ƙauyukan bayan fadama ne suka cika tsakar gida, daga wajen Tursa da Maikujera, laka har gwiwa, don da ƙafa suka yanko. Wata daga wajen Shinaka ta ajiye ƙwaryar wake a gaban Inna. Ta ce shekarar da zama ya gagare su, Baba ne ya kwaso su da hatsinsu da awakinsu ta wata hanyar da ba motar da ke bi, kuma da mijinta ya sa hannu aljihu, Baba ya juya masa baya. Mu a gida ba mu taɓa jin wannan labari ba. Na yi kuka, amma rabin kukan nan na alfahari ne, ba zan ɓoye ba.

Wata tsohuwa mai tallan daddawa ce ta faɗi abin da ke bakin kowa. Ta ce, “Allah shi gafarta ma Alhaji. Amma mu an ruhe muna hanya. Wa ka ɗaukam mu yanzu?”

Wanda ya kamata ya amsa mata yana waje a ƙarshen tabarma, hannunsa na dama cikin aljihu kamar yadda ya saba. Yaya ke nan, ɗan farin Baba, direban da ya fi kowa hannu a tashar Wurno kafin ya bar tuƙi. Da yamma na tare shi a zaure na tambaye shi zancen mota. Ya ce in an yi sadakar uku zai miƙa wa Kawu, ƙanin Inna, makulli a nemo mai saye, shi kuma ya koma Goronyo.

“Ni da motag ga ba mu da gami,” in ji shi. “Mai ita ya hana ni, kuma ya tahi bai janye ba.”

Wannan magana ce ta sa ni rubutu. Ina so a san wane ne Baba, kuma ina so a san abin da ya shiga tsakaninsa da ɗansa.

Baba mutumin da ne, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta shiga jininsu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunan Yaya ba. “Wancan” yake ce masa, in ransa ya yi daɗi ya ce “yaron ga”. Ba ya cin abinci inda yake, ba ya yabonsa, ba ya kallonsa ido da ido. Tuƙi ma ba shi ya koya masa ba, wajen wani abokinsa ya tura shi. In yana da magana da shi, sai a nemo ni. Ni kuwa bakina bai san kunya ba, shi ya sa na zama wayar gidanmu tun kafin waya ta zo. Har na girma na yi aure na kama koyarwa a wata firamare kan hanyar Rabah, aikin nan bai bar ni ba. Kullum safiya Baba ke sauke ni a bakin makaranta, kuma kullum da saƙon da zan kai.

Motarsa ba ta hutu. Yau albasa da tafarnuwa zuwa Goronyo, gobe gero da wake daga ƙauyukan Rabah, jibi mai naƙuda ko amarya da kayanta. Rabin hanyarta kwalta ce, rabi yashi da laka da kwazazzabo. Baba ba ya damuwa da fenti ko fitila mai ado. Abin da ya ɗauka da girma shi ne wani dunƙulen ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke ce wa difaranshal, shi kuma yake ce wa tulu saboda kamarsa. Cikinsa haƙora ne, kuma shi ke raba wa tayoyin biyu ƙarfin inji.

Da shanun huɗa ya bayyana mini shi. Ya ce in sun kai ƙarshen kunya za su juya, na waje sai ya ƙara taki, na ciki ya rage, in ba haka ba garma ta karye. To haka tayoyin mota suke a kwana, kuma tulu ne ke ba kowace damar tafiya da saurinta. Aibinsa ɗaya ne. In taya guda ta faɗa laka, sai ya tura mata ƙarfin duka, ta yi ta wulwulawa a banza, wadda ke kan tudu kuma ta tsaya tana kallo. Yakan ce tulu kamar uwa yake, ɗan da ya fi lalacewa shi take ba duk abin hannunta. Inna ba ta son wannan magana ko kaɗan.

Matasan direbobi suna da maganinsu na araha. Sai su kai mota wajen mai walda a narke haƙoran tulu a haɗe su, tayoyin biyu su zama abu ɗaya. A laka kam ba a magana, mota sai ta keta kamar ba komai. Baba ya tsani wannan aiki kamar yadda ya tsani direban da ke tuƙi da silifas.

Shekarar da ya tafi aikin Hajji damina ta yi ƙarfi, ya bar wa Yaya mota. Albasar ajiya na cikin rudu, rumfunan da ake adana ta a ƙauyuka, kasuwa ta yi kyau, mota kuma kullum a kafe. Yaya ya kai ta aka yi mata walda. Ranar da Baba ya dawo, yana zaune ƙofar gida ana ta zuwa yi masa barka, sai ga mota ta kwano lungunmu, tayar ciki tana ƙara tana jan ƙasa. Na ga kunnen Baba ya motsa. Sai da baƙi suka watse, sannan ya shigo tsakar gida ya zauna, Yaya na tsugune nesa da shi, aka kira ni.

“Auta, tambayi wancan, mi anka yi ma motag ga?”

“Baba, ga shi nan gabanka, shina jin ka.”

“Ke nika tambaya.”

Yaya, kansa a ƙasa, ya ce, “Ce ma Baba walda anka yi ma tulu. Tun da anka yi ta ba ta kahe ba.”

Na juya na maimaita, kamar Baba kurma ne.

“Ce mai laka rabin hanya ta, sauran rabin kwalta na. Ba a dabaibaye jaki a ɗora mai kaya a kora shi kasuwa.”

“Ce ma Baba mutane na jira, albasa na ruɓewa. In damana ta wuce sai a canza.”

“Ce mai gobe ba ta hita.”

Wuyana har ya yi ciwo don juye-juye. A lokacin dariya abin ya ba ni, manya biyu a tsakar gida ɗaya suna faɗa ta bakin mace. Washegari da asuba mota ta fita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan ba daga sama Yaya ya samo shi ba.

A wata kwana kafin Goronyo aka yi yayyafi, kwalta ta yi santsi, ga buhunan albasa an tula har sama. Yaya ya murɗa sitiyari, mota ta ƙi bin sa, tayoyin baya suka tura ta gaba, ta sauka rami ta kwanta a gefe. Allah ya kiyaye rai. Amma hannunsa na dama ya karye, jijiya ta taɓu. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗe, yatsu dai ba su ƙara damƙa da ƙarfi ba. Yana iya tura abu da tafin hannu, amma ko murfin kwalba ba ya iya murɗewa da shi.

Ranar ɗorin Baba bai shiga ɗaki ba. A waje ya zauna, rana ta zagayo ta same shi, aka ce ya koma inuwa ya ƙi. Duk ƙarar da Yaya ya yi a ciki, sai na ga tasbaha ta tsaya a hannun Baba. Da na fito ya tambaye ni ko an ba wancan ruwa. Na ce an ba shi. Sannan ya ba ni saƙon da ya fi kowane nauyi cikin waɗanda na taɓa ɗauka.

“Ce mai kar shi koma taɓa makullin motag ga sai ran da nic ce.”

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Da Yaya ya warke sai ya tattara ya koma Goronyo, ya zama dillalin albasa. Gida sai da Sallah. In motar Baba ta shigo kasuwa ta wannan ƙofa, shi sai ya tuna yana da aiki a waccan.

Baba ya gyara mota ya mayar mata da tulu irin na asali, ya koma kafewa. Damina bayan damina fasinja na sauka suna turi, shi yana yanko reshe yana cusawa ƙarƙashin taya. Wani direba mai baki, wanda tasa motar mai walda ce, ya riƙa wuce shi yana danna ham yana tambaya ko a aiko masa da jaki. Baba sai ya ɗaga masa hannu. A gida kuwa ba shi da zance sai na tulu. Yana neman wanda zai saki tayoyi a kwalta, ya kulle su a laka, kuma ya yi haka lokacin da direba ya so.

Abokin wannan nema Kawu ne, ƙanin Inna, bakanike a bakin tasha. Su biyun abokan wasa ne, ba sa minti biyu ba su tsokani juna ba. Kawu na ce masa mai auren mota, shi yana ce wa Kawu likitan da bai taɓa sallamar majinyaci ba. Wani hutun makaranta na bi su kasuwar kayan gyara a Sakkwato, kuma ranar na ji tausayin masu shago.

An nuna wa Baba wani tulu wanda ke kulle kansa da kansa in taya ta zame. Ya juya shi, ya saurari ƙas-ƙas ɗinsa, ya ajiye. “Wanga ba shi shawara. Shi ka yanke hukunci tsakiyak kwana, kai kana riƙe da sitiyari kamab baƙo.” An kawo mai faifai a ciki, wanda ke ɗan riƙe tayar da ta zame ba tare da ya kulle ta ba. Baba ya yarda yana da daɗi a kwalta da yashi, amma ya ce man da yake sha ba a samunsa a Wurno, kuma in taya guda ta rataya a bakin kwazazzabo zai bar ka nan. Ya ce na masu zuwa gona ran hutu ne. Mai aiki da iska ko kallon kirki bai samu ba, Baba na ganin siririyar robar da ke kai masa iskar ya ce ƙayar bagaruwa ta gaishe ta. Wani ya ba shi shawara ya kulle har tayoyin gaba, ya ce gaba ta juyawa ce, in ka ɗaure ta sai dai ka tafi inda mota ta ga dama.

Sai aka zo kan wani na gwanjo da aka ciro daga motar daji, mai kullewa da lantarki, maɓalli kawai za ka danna. Baba da ba ya yarda da waya ko ta fitila, sai ga shi ya tsaya. Ya danna maɓallin da ɗan ali, ya danna da ƙaramin yatsa, ya dunƙule hannu ya danna da bayan yatsu. Ya daɗe yana haka.

“Baba, rediyo kaka saye?” na ce.

Bai kula ni ba. Ya tambayi mai shago ko abin nan zai yi aiki in ruwa ya kai ƙofar mota. Mai shago ya fara rantsuwa tun ba a nemi ya rantse ba, Baba ya dubi Kawu, Kawu ya girgiza kai. Na ga fuskar Baba ta faɗi, ban san dalili ba. Duk da haka shi ya zaɓa, da sharaɗin Kawu zai cire kayan lantarkin ya ɗaura masa kebul da liba, abin da mutum zai ja da hannu. Kafin a ɗora shi sai da ya sa aka ɗaga, ya zana alli, ya yi ta juyawa yana lura, don ya tabbata haƙoransa sun zo daidai da na ɗaya tulun da ke tsakanin tayoyin gaba. Ya ce in ba su zo daidai ba, ranar da ka sa tayoyi huɗu aiki gaba da baya za su yi ta ja-in-ja har giya ta watse. Azahar ta same mu a shagon nan, la'asar ma haka.

Da mota ta fito daga garejin Kawu, tasha ta samu abin dariya. Duk direba ya san liba a dama take zama, kusa da giya. Ta Baba a hagu aka dasa ta, tsakanin kujera da ƙofa. Shi ba bahago ba ne, kafaɗarsa ta hagu ma ciwo take masa. Kullum zai sauka sai ta buge masa gwiwa ya yi tsaki. Kan libar giya kuma ya sa masassaƙi ya yi masa wani ƙaton dunƙulen itace mai faɗi kamar kan taɓarya. Direbobi suka laƙaba wa motar suna Bahaguwa. Na tambaye shi dalili ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce, “Nan tad dace.”

Amma fa ta yi aiki. Ina ciki ranar da muka tarar da direban nan mai baki a fadamar bayan Tursa, shaf ɗinsa, ƙarfen da ke juya taya, ya tsinke saboda wahalar walda, mota ta nutse har ciki, fasinja na tsaye a ruwa. Baba ya tsaya cak a kan tudu, ya miƙa hannun hagu ya ja liba, aka ji ƙwas a ƙasa. Ya shiga laka a hankali kamar mai tsallaka tabarmar surukai, ya wuce gaban mutumin, ya jefa masa sarƙa. Ina jira in ji ya ambaci jaki, har na gyara zama. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ɗaura ga ƙarhe, kak ka ɗaura ga bamba.” Ya fisgo shi har tudu. Ni ce na kasa haƙuri na leƙa ta taga na tambayi direban ko har yanzu yana da jakin nan. Baba ya yi mini faɗa har Rabah, amma gemunsa na rawa don dariyar da yake dannewa.

Dokarsa a kan libar nan ba ta canzawa. Ka tsaya tukuna, ka ja, ka tafi a hankali, kana taka ƙasa mai ƙarfi ka saki. Yakan ce wanda ya ja ya manta bai saki ba, da shi da mai walda uwarsu ɗaya. Ban san me ya sa yake nanata mini ba, ni da ko keke ban iya ba. Har sai da na haddace.

Daga nan saƙonninsa suka canza. Wata safiya a hanyar makaranta ya ce in ce wa wancan ƙafarsa ta fara ciwo, taka kuloci na ba shi wuya. Na kira Yaya na faɗa masa. Yaya ya aiko da man zafi. Bayan wani lokaci ya ce in ce wa wancan idonsa ba ya gani sosai in rana ta yi yamma. Yaya ya aiko da kuɗin ganin likitan ido, ya ce a gaishe shi da jiki. Baba ya karɓi man zafin nan ya jera a taga, kwalba bayan kwalba, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. In na tuna yanzu haushinsu su biyun nake ji, kuma kewar Baba ta fi haushin yawa.

Ranar sadakar uku an kwana ana ruwa. Da aka watse, Yaya ya shigo zaure inda Kawu ke zaune da Inna, ni ina tsaye bakin ƙofa. Ya fito da makulli da hannun hagu ya ajiye gaban Kawu. Kawu ya dubi makullin, bai taɓa ba.

“Ka taɓa shiga motag ga tun da tah hito gareji na?”

“Ban shiga ba, Kawu.”

“To ni na gaji da ɗaukak kayan da ba nawa ba. Tsohonka ya ɗaure ni da alkawari, ya ce shi ka hwaɗi da baki nai. Na jira, na jira, har Allah ya yi iko nai.” Ya share ido da hular da ke hannunsa. “Ran da za ni dasa libag ga, na huda mata wuri ga dama kamak kowa. Yac ce in toshe. Mun yi hwaɗa ran nan ba na wasa ba. Daga baya yaz zauna kujera, yas sa hannu nai na dama cikin aljihu, yac ce in dasa ta inda mai hannu guda ka iya ja. Haka yat tuƙa ta zagayen gareji, dama cikin aljihu, sai in za shi canza giya shi hiddo shi tura da tahin hannu. Don wa kaka tsammani anka sassaƙa iccen can? Mai maɓallin nan ma don kai yas so shi, tsoro yaj ji kar ruwa shi kashe shi kana tsakiyah hwadama kai ɗai.”

Inna, wadda ita ma ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce da bango, “Matan Tursa na son komawa gida, ga hanya ta ɓaci.”

Yaya ya daɗe a tsugune. Sannan ya ɗauki makulli ya fita, ni kuma na suri mayafina na bi shi, don ba a yin irin wannan ba ni. Matan suka hau baya da ƙorensu, tsohuwa mai daddawa ta shiga gaba kusa da ni tana bismilla. Ya tayar da mota. Tafin hannunsa na dama ya sauka kan dunƙulen itacen nan ya zauna daram, ya tura giya ta shiga. Muka kama hanya har muka bar kwalta.

A bakin fadama ruwa ya shafe sawun mota gaba ɗaya. Na buɗe baki zan karanto masa dokar Baba, sai na ga ya riga ya tsaya. Bai duba ƙasa ba. Ya saki hannun hagu daga sitiyari, hannun ya faɗa daidai kan liba, ya ja, aka ji ƙwas. Muka shiga a hankali, laka na tashi gefe da gefe, motar na tafiya ba gardama har muka hau tudu. Nan ya tsaya ya saki liba. Bai ci gaba ba. Ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na motsi, tsohuwa ta kawar da kai ta shiga kallon gonakin gero.

Da ya ɗago, gaba yake kallo, ba ni ba.

“Auta,” ya ce, “ce mai na ji.”

Na kai saƙonni da yawa tsakanin mutanen nan biyu, masu daɗi da marasa daɗi, ban taɓa riƙe ko ɗaya ya kwana a hannuna ba. Wannan ne kaɗai na rasa ƙofar da zan kai shi, shi ya sa na ajiye shi a nan. Bahaguwa tana kan hanya, Yaya ne a kan sitiyari, gobe da safe ma ita za ta sauke ni a makaranta. Baba, Allah ya yalwata maka kabari kamar yadda ka buɗe wa mutane hanya, ya sa ka tarar da sauƙi inda ka je. Baba, yaron nan ya ce ya ji.